Mabuɗin shiga: Hanyar da ke maye gurbin kalmar sirri, yadda ake kafa ta da inda take da rauni

Masu amfani da Gmail, WhatsApp, Facebook ko asusun Microsoft sun fara cin karo da wani saƙo da ke tambayar su ko suna son ƙirƙirar abin da ake rubutawa da Turanci passkey, wato mabuɗin shiga. Da yawa sukan ture saƙon gefe saboda ba su san abin da zai jawo ba. Wasu kuma sukan amince ba tare da sanin inda mabuɗin ya je ya zauna ba. Kowane ɓangare na iya yin asara. Na farko zai ci gaba da dogara da kalmar sirrin da ɗan damfara ke iya karɓewa da daɗin baki, na biyu kuma yana iya wayar gari wayarsa ta ɓata, ya rasa ta inda zai koma asusunsa.

Mabuɗin shiga hanya ce ta tabbatar wa shafin intanet ko manhaja cewa mai asusu ne ke neman shiga, ba tare da ya rubuta wani sirri ba. Abin da zai yi kawai shi ne ya buɗe wayarsa ko kwamfutarsa yadda ya saba, da zanen yatsa, ko fuska, ko lambar da yake kulle allon da ita. Sirrin yana zaune a cikin na'urar, mai shi ma bai san shi ba, don haka babu yadda za a yi ya faɗa wa wani. Sai dai wannan sauyi ya mayar da nauyin tsaro kan abu biyu, wato kullen wayar da hanyar dawo da asusu idan wayar ta salwanta. Wanda ya kafa mabuɗin bai kula da su ba, rabin aikin ya yi.

Raunin kalmar sirri

Kalmar sirri ta kwamfuta ta samo asali ne a farkon shekarun 1960 a cibiyar MIT da ke Amurka, inda Fernando Corbató da abokan aikinsa suka ƙera tsarin da ya ba mutane da yawa damar aiki da kwamfuta ɗaya, kowa da nasa fayil. Tun daga lokacin siffarta ba ta sauya ba: sirri ne da ɓangarori biyu suke riƙe da shi, mai asusu da kamfanin da ya buɗe asusun a wurinsa.

Daga nan matsalolin suke tasowa. Ana iya sace sirrin daga rumbun kamfanin. A 2009 masu kutse sun kwashe kalmomin sirri kimanin miliyan 32 daga kamfanin RockYou, wanda ya ajiye su a rubuce ba tare da ɓoyewa ba. A 2017 kuma Yahoo ya amsa cewa kutsen da aka yi masa a 2013 ya shafi dukkan asusun da yake da su a lokacin, kimanin biliyan 3. Da yake mutane da yawa kalma ɗaya suke amfani da ita a wurare daban-daban, kalmar da aka sata daga wani ƙaramin shafi takan buɗe imel ɗin mai ita, imel kuma shi ne ƙofar sauran asusun.

Ana kuma iya karɓar sirrin daga hannun mai shi ta hanyar yaudara. Ɗan damfara yakan gina shafin bogi mai kama da na banki ko na Facebook, ya tura adireshin ta saƙo, wanda ya faɗa tarkon ya rubuta kalmar sirrinsa da hannunsa. Domin toshe wannan ɓaraka aka ƙara lambar nan da ake aikowa ta saƙon tes, wadda ke aiki sau ɗaya. Ta rage ɓarna, amma ita ma abu ce da ake iya karantawa a faɗa wa wani. A Najeriya an sha jin labarin wanda aka kira a waya aka ce masa za a yi taron wata ƙungiya ta WhatsApp, a ce ya karanto lambar da ta shigo masa domin a saka shi a taron. Da ya karanta, asusunsa ya koma hannun mai kiran, wanda zai shiga roƙon kuɗi daga 'yan uwa da abokai da sunansa. Wasu kuma sukan kira da sunan ma'aikatan banki, su ce za a rufe asusu idan ba a ba da lambar ba. Akwai kuma masu sauya layin waya zuwa wani katin sim ta hanyar zamba, su riƙa karɓar saƙonnin da aka aiko wa mai layin.

Yadda mabuɗin yake aiki

Tushen mabuɗin shiga wani lissafi ne da Whitfield Diffie da Martin Hellman suka bayyana a 1976, wanda ke amfani da mabuɗai biyu masu alaƙa da juna. Ɗaya na ɓoye ne, ɗaya kuma na bayyane. Abin da aka sa wa hannu da na ɓoyen, ana iya tantance shi da na bayyanen, amma ba a iya gano na ɓoyen daga na bayyanen.

A lokacin da mutum ya ƙirƙiri mabuɗin shiga a wani shafi, wayarsa ce ke samar da waɗannan mabuɗai biyu. Tana riƙe na ɓoyen, ta aika wa shafin na bayyanen. Ana iya kwatanta na ɓoyen da hatimin da ke aljihun mai shi, na bayyanen kuma da abin auna sahihancin hatimin, wanda ba ya iya buga hatimi da kansa. Duk ranar da mutumin ya zo shiga, shafin zai aiko da wasu lambobi sababbi da bai taɓa aikowa ba. Wayar za ta nemi mai ita ya buɗe ta, sannan ta buga hatimin a kan lambobin ta mayar. Shafin ya auna, idan ya dace ya buɗe ƙofa. Duk wannan yana ƙarewa cikin 'yan daƙiƙoƙi.

Wannan tsari yana da sakamako da ya kamata a lura da su. Idan masu kutse suka fasa rumbun kamfanin, mabuɗan bayyane kawai za su samu, waɗanda ba sa buɗe komai. Kowane shafi kuma da nasa mabuɗin, don haka babu batun maimaita sirri ɗaya a wurare goma. Mafi muhimmanci, kowane mabuɗi a ɗaure yake da ainihin adireshin shafin da aka ƙirƙire shi dominsa. Burauza ko tsarin wayar ne ke duba adireshin kafin a yi amfani da mabuɗin. Shafin bogi yana iya kwaikwayon launi da tambarin Google har ido ya kasa bambancewa, amma adireshinsa daban ne, saboda haka wayar ba za ta fito da mabuɗin Google a wurinsa ba.

Zanen yatsa da hoton fuska ba sa barin na'urar. Aikinsu shi ne buɗe ma'ajiyar da mabuɗin yake ciki. Shafin da ake shiga ba ya ganin su, labarin da yake samu kawai shi ne an tantance mai wayar. Wanda wayarsa ba ta da na'urar karanta yatsa yana iya amfani da lambar buɗe allo ko zanen da ake ja a kansa.

Daga ina aka faro

Ƙungiyar da ta tsara ƙa'idojin wannan fasaha ita ce FIDO Alliance, haɗakar kamfanoni da aka kafa a 2012 kuma aka ƙaddamar a bainar jama'a a watan Fabrairun 2013, da PayPal da Lenovo cikin waɗanda suka assasa ta. Da farko fasahar tana zaune ne a cikin wata 'yar na'ura mai kama da filashi da ake cusawa a jikin kwamfuta, wadda ake kira mabuɗin tsaro. A 2018 Google ya bayyana cewa tun da ya wajabta wa ma'aikatansa sama da 85,000 amfani da irin wannan na'ura a farkon 2017, ba a samu wanda aka ƙwace asusun aikinsa ta hanyar shafin bogi ba.

Kamfanin Cloudflare ya ba da wani misalin. A watan Yulin 2022 aƙalla ma'aikatansa 76 suka samu saƙon tes da ke tura su wani shafin shiga na bogi. Uku daga cikinsu sun rubuta sunansu da kalmar sirrinsu a can. Duk da haka maharan ba su iya shiga ba, domin kamfanin yana buƙatar mabuɗin tsaro, shi kuwa ya ƙi aiki a adireshin da ba nasa ba.

A watan Maris na 2019 hukumar W3C, mai tsara ƙa'idojin shafukan intanet, ta amince da ƙa'idar WebAuthn, wadda ta ba burauza damar magana da irin waɗannan mabuɗai. Abin da ya rage shi ne talaka ba zai sayi na'ura ta musamman ba, kuma wanda ya saya idan ta ɓata ya shiga uku. A ranar 5 ga Mayun 2022 Apple da Google da Microsoft suka sanar tare cewa za su mayar da wayar hannu da kwamfuta su zama mabuɗin, su kuma ba da damar kwafe shi tsakanin na'urorin mutum ɗaya. Apple ya fara da iOS 16 a watan Satumbar 2022. Google ya buɗe wa masu asusunsa a watan Mayun 2023, ya mayar da shi zaɓin farko a watan Oktoban shekarar. A watan ne kuma WhatsApp ya kawo shi wayoyin Android, sannan iPhone a watan Afrilun 2024. Microsoft ya biyo baya ga masu asusun kansu a watan Mayun 2024, kuma daga Mayun 2025 sababbin asusunsa ana buɗe su ne ba tare da kalmar sirri ba. Meta ya sanar da shi ga manhajar Facebook ta waya a watan Yunin 2025.

Iri biyu na mabuɗin

Akwai mabuɗin da ake kwafewa, akwai wanda ke ɗaure da na'ura ɗaya. Sanin bambancinsu shi ke nuna abin da zai faru ranar da waya ta ɓata.

Na farkon shi ne wanda yawancin mutane za su samu. A wayar Android yakan zauna a Google Password Manager, a iPhone kuma a iCloud Keychain. Wasu wayoyin Samsung sukan ba da zaɓin Samsung Pass, akwai kuma manhajoji masu zaman kansu irin su Bitwarden da 1Password. Waɗannan ma'ajiyoyi suna kwafe mabuɗin zuwa sauran na'urorin da mutum ya shiga da asusu ɗaya. Google da Apple sun ce ana ɓoye mabuɗan kafin su bar na'urar, ta yadda su kansu kamfanonin ba sa iya karanta su. Idan waya ta lalace aka sayi sabuwa, mabuɗan za su dawo bayan an shiga asusun Google ko na Apple an kuma tabbatar da lambar buɗe tsohuwar wayar.

Na biyun yana zaune a wuri ɗaya ba ya fita, kamar a mabuɗin tsaro na YubiKey ko Titan na Google, waɗanda ake cusawa a kafar USB ko a kara su a bayan waya. Irin waɗannan suna da tasu lambar sirrin, kuma idan aka kuskure ta sau takwas a jere sukan kulle. Sun fi dacewa da waɗanda ake farauta da gangan, kamar 'yan jarida, 'yan siyasa, masu fafutuka da masu kula da asusun kuɗin kamfani. Wanda ya zaɓi wannan hanya ana ba shi shawarar ya sayi guda biyu, ya yi wa dukkansu rajista, ya adana ɗaya a wuri mai tsaro.

Abin da za a gyara kafin a fara

Mabuɗin shiga yana buƙatar Android 9 ko wanda ya fi shi sabunta, ko iOS 16 a iPhone, ko Windows 10 zuwa sama, ko macOS Ventura a kwamfutar Apple. An fitar da Android 9 ne a 2018, saboda haka yawancin wayoyin Tecno, Infinix, Itel da Samsung da aka ƙera daga baya suna iya ɗauka. Ya kamata kuma burauzar ta zama sabuwa.

Dole ne wayar ta kasance tana da kullen allo, domin idan babu shi ba za ta yarda ta ƙirƙiri mabuɗin ba. A nan ne ake buƙatar natsuwa. Duk wanda ya san lambar buɗe wayar kuma wayar ta shiga hannunsa, zai iya amfani da mabuɗan da ke cikinta. Lamba irin su 1234, ko 0000, ko shekarar haihuwa, ba ta da amfani. Lamba mai alƙaluma shida ko fiye, wadda ba ta da alaƙa da ranar haihuwa ko lambar wayar mutum, ta fi zanen allo da ake iya hango shi daga nesa.

Sai a duba yatsun da aka yi wa rajista a wayar. A gidaje da yawa waya ɗaya ce ke yawo tsakanin miji da mata, ko iyaye da 'ya'ya, ko mai shago da yaronsa. Waya ba ta bambance yatsan mai asusu da sauran yatsun da aka saka mata, kowanne yana buɗe mabuɗin. Shi ya sa Google ke gargaɗin kada a ƙirƙiri mabuɗi a na'urar da ake tarayya a kanta.

Abu na ƙarshe shi ne bayanan dawo da asusu. A tabbatar lambar waya da imel ɗin da aka ajiye a asusun Google ko Apple suna hannun mai asusun har yanzu. Kamfanonin sadarwa sukan sake sayar da layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba, kuma idan tsohon layi ne ke maƙale da asusu, saƙon dawo da shi wani baƙo zai je wa.

Matakan kafawa

A asusun Google, ana buɗe adireshin g.co/passkeys a burauza, ko a shiga sashen tsaro na asusun a nemi wurin mabuɗan shiga. Bayan an tabbatar da mai asusun, sai a danna maɓallin ƙirƙira, wayar ta nemi yatsa ko fuska ko lambar allo. Masu Android sukan tarar an riga an samar musu da mabuɗi a wayar da suka shiga asusun da ita, abin da ya rage kawai su amince a fara amfani da shi. A shafin ne kuma ake ganin jerin na'urorin da ke da mabuɗi, a goge duk wadda ba a gane ta ba ko wadda aka sayar.

A iPhone sai an kunna iCloud Keychain da tantancewa mai mataki biyu ta asusun Apple. Daga nan duk shafin da ya nemi a ƙirƙiri mabuɗi, wayar za ta ajiye shi bayan Face ID ko Touch ID. Daga iOS 18 ana ganin dukkan mabuɗan a manhajar Passwords.

A WhatsApp ana shiga saituna, sannan sashen asusu, inda za a ga wurin mabuɗin shiga. Amfaninsa yana fitowa ne lokacin da za a sake ɗora manhajar ko aka sauya waya, inda zai tsaya a madadin lambar da ake aikowa ta tes. Hanyar tes ɗin ba ta gushe ba, saboda haka har yanzu wajibi ne a kunna tantancewa mai mataki biyu ta WhatsApp, wadda ke da lamba mai alƙaluma shida da mutum ke zaɓa da kansa. Ita ce ke tare wanda ya samu lambar tes ta hanyar yaudara.

A Facebook wurin yana cikin cibiyar asusu, ƙarƙashin sashen kalmar sirri da tsaro. A asusun Microsoft ana shiga sashen tsaro, a zaɓi ƙara sabuwar hanyar shiga, a ɗauki fuska ko yatsa ko lambar sirri. A kwamfutar Windows tsarin Windows Hello ne ke tantance mai ita. Microsoft yana kuma ba da damar a cire kalmar sirri gaba ɗaya daga asusu tun watan Satumbar 2021.

Kowane shafi aka yi, akwai wani allo da bai kamata a wuce shi da gaggawa ba, wanda ke nuna ma'ajiyar da za a ajiye mabuɗin. Wanda ya bar wani mabuɗin a Google, wani a Samsung Pass, wani a kwamfutar ofis, zai sha wahalar nemo su. Zaɓen ma'ajiya ɗaya da tsayawa a kanta ya fi sauƙi. Bayan an gama, yana da kyau a fita daga asusun a sake shiga domin a ga mabuɗin yana aiki.

Shiga daga kwamfutar wani

Ɗalibin da ya je shagon intanet ko ma'aikacin da ke kan kwamfutar ofis yana iya shiga asusunsa da mabuɗin da ke wayarsa. A shafin shiga zai zaɓi amfani da wata na'ura, kwamfutar ta nuna lambar QR, ya haska ta da kyamarar wayarsa, ya buɗe wayar da yatsa ko lamba. Dole ne Bluetooth ya kasance a kunne a na'urorin biyu, kuma dukkansu suna kan intanet. Aikin Bluetooth a nan shi ne tabbatar da cewa wayar tana kusa da kwamfutar, domin kada wani da ke wata ƙasa ya turo hoton lambar QR ya yaudari mai wayar ya buɗe masa. Mabuɗin ba ya komawa cikin kwamfutar a wannan hanya. Idan ta tambaya ko a ƙirƙiri sabon mabuɗi a kanta, sai a ƙi, kuma a fita daga asusun kafin a tashi.

Idan waya ta ɓata ko aka sace ta

Ɓarawon da ya ƙwace waya a kulle ba zai iya amfani da mabuɗan ba muddin bai san lambar buɗe ta ba. Hatsarin yana ga wanda ya leƙa lambar kafin ya yi satar. A 2023 jaridar Wall Street Journal ta ruwaito yadda ɓarayi a biranen Amurka ke kallon mutane suna buga lambar iPhone, sannan su sace wayar su ƙwace asusun Apple ɗin mai ita. A watan Janairun 2024 Apple ya fitar da wani tsarin kariya a iOS 17.3, wanda idan an kunna shi, wayar ba za ta ba da damar amfani da kalmomin sirri da mabuɗan da ke cikinta da lamba kaɗai ba idan tana wurin da ba ta saba ba, sai da fuska ko yatsa. A ƙarshen 2024 Google ma ya kawo wa Android tsarin da ke kulle allo idan wayar ta ji motsi irin na fizge. Dukkansu ana kunna su ne a saituna.

Wanda aka sace wa waya, matakin farko shi ne ya kulle ta ko ya goge ta daga nesa ta hanyar Find My na Apple ko takwaransa na Google. Sai ya shiga muhimman asusunsa daga wata na'ura, ya fitar da wayar da aka sace daga jerin na'urori, ya goge mabuɗin da ke da alaƙa da ita, ya kuma sa kamfanin sadarwa ya rufe layin.

Duk wannan yana yiwuwa ne idan akwai wata ƙofar da aka tanada tun kafin ranar. Hausawa sun ce gida biyu maganin gobara. Ƙofa ta biyu tana iya zama wata wayar ko kwamfutar da ke da mabuɗin, ko mabuɗin tsaro da aka ajiye a gida, ko lambobin ko-ta-kwana da Google ke bayarwa guda goma ga masu tantancewa mai mataki biyu, waɗanda ake rubutawa a takarda a adana. Haka nan kada a manta lambar buɗe tsohuwar waya don an sayi sabuwa, domin ita ake tambaya kafin a saki mabuɗan da aka kwafe.

Kai waya gyara ma yana buƙatar lura, tun da masu gyara sukan nemi lambar buɗe ta domin su gwada aikinsu. Wanda ya ba da lambar ya ba da mabuɗansa na tsawon lokacin da wayar ke shagon. Wayoyin Samsung da Pixel na baya-bayan nan suna da yanayin gyara da ke ɓoye bayanan mai waya. Inda babu shi, gara mai wayar ya tsaya ya buɗe ta da kansa, ko ya sauya lambar da zarar ya karɓo ta. Wanda zai sayar da waya kuwa, ya fita daga asusunsa na Google ko Apple, ya mayar da ita yadda ta fito daga kamfani.

Abin da mabuɗin ba ya karewa

A yawancin shafuka ƙirƙirar mabuɗin shiga ba ta goge tsohuwar kalmar sirri. Tana nan a matsayin hanya ta biyu, kuma 'yan damfara sun san haka. Shafin bogi yana iya nuna cewa mabuɗin ya ƙi aiki, ya nemi a rubuta kalmar sirri da lambar tes a madadinsa. Idan shafin da aka saba shiga da mabuɗi ya koma neman kalmar sirri, musamman wanda aka bi adireshinsa daga saƙo, alama ce ta a tsaya a duba adireshin da kyau. Tsohuwar kalmar sirrin ma tana buƙatar ta zama mai ƙarfi, wadda ba a yi amfani da ita a wani wuri ba.

Mabuɗin ba ya hana muguwar manhaja aiki. Bayan mutum ya shiga asusu, burauza takan ajiye wata shaida da ke nuna an riga an tantance shi. Manhajar leƙen asiri da ta shiga kwamfuta, sau da yawa ta hanyar manhajojin sata da ake saukewa kyauta, tana iya kwashe wannan shaida ta ba wani damar shiga ba tare da ya taɓa mabuɗin ba. Haka kuma ba ya hana mutum tura kuɗi da hannunsa ga wanda ya yaudare shi da alƙawarin aiki ko riba.

Akwai kuma batun ƙaura daga wani kamfani zuwa wani. A shekarun farko wanda ya bar iPhone ya koma Android sai ya sake ƙirƙirar mabuɗansa ɗaya bayan ɗaya. A watan Oktoban 2024 FIDO Alliance ta fitar da daftarin ƙa'idar da za ta ba da damar kwashe mabuɗai daga wata ma'ajiya zuwa wata cikin tsaro, kuma Apple ya saka wannan dama a iOS 26. Duk da haka wanda zai sauya irin waya ya fi masa alheri ya riƙe tsohuwar a hannu har sai ya gwada shiga kowane muhimmin asusu da sabuwar.

Ba kowane shafi ne ya karɓi wannan fasaha ba, saboda haka kalmar sirri za ta ci gaba da zama tare da mabuɗin na wasu shekaru. Ga mai son farawa, asusun da ya fi cancanta shi ne imel, domin ta cikinsa ake sauya kalmomin sirrin sauran asusun. Bayansa sai asusun Apple ko Microsoft da ke riƙe da na'urar, sannan WhatsApp da shafukan sada zumunta, inda sunan mutum da amanar 'yan uwansa suke. Kafin kowanne daga cikinsu, a fara sauya lambar buɗe wayar idan mai rauni ce, a kuma duba layin da aka ajiye domin dawo da asusu.